Yadda ake rage wa yaro zafin allurar kashe ciwo idan za a cire masa haƙori

A shekarun da na yi ina tsaye gefen kujerar likitan haƙori a wani ƙaramin asibiti a Makka, ina miƙa kayan aiki ina kuma yin tafinta tsakanin likita da mutanenmu na unguwannin Shara Mansur da Misfala, na lura cewa yaron da aka kawo cire haƙori ba kasafai yake tuna cirewar kanta ba. Abin da yake riƙewa a ransa shi ne allurar kashe ciwo da aka fara yi masa, wadda a nan kowa yake kira banj. Idan ta wuce lafiya, sauran aikin na minti kaɗan ne, yaro ya sauko daga kujera yana neman a nuna masa haƙorinsa a cikin auduga. Idan kuwa ta zo masa da azaba, to an ɓata wannan ranar, an kuma ɓata wasu ranakun masu zuwa, domin wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. Na san magidanta masu furfura da suke jure ciwon haƙori wata da watanni saboda allura guda da aka yi musu tun suna 'yan shekara shida.

Rage wannan zafi abu ne mai yiwuwa, amma aikin a rabe yake, wani kaso na iyaye ne tun daga gida, wani kuma na likita ne a ɗakin aiki. Zan bayyana har da kason likitan, saboda uwa ko uban da ya san yadda ya kamata a yi zai iya roƙon a yi hakan cikin ladabi, kuma likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan roƙo.

Da farko a san inda zafin yake fitowa. Mutane suna ɗora laifin duka a kan tsinin allura, alhali allurar da ake amfani da ita a baki siririya ce ƙwarai, lamba 27 ko 30, wadda ba ta kai kaurin ta ɗibar jini ba, kuma sukarta ba ta wuce ƙiftawar ido. Mafi yawan raɗaɗin yana zuwa ne bayan tsinin ya shiga, lokacin da ruwan maganin yake buɗa nama don ya samu wurin zama. Idan aka tura shi da sauri, naman yana miƙewa da ƙarfi, yaro ya ji kamar ana yaga masa dasashi. Akwai kuma tsamin maganin. Lidoken, wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Löfgren ya haɗa a 1943 kuma har yau shi ne aka fi amfani da shi, yawanci yana zuwa a gauraye da adirenalin don ya tsuke jijiyoyin jini, banj ɗin ya daɗe, jini kuma ya ragu, kuma domin kada adirenalin ɗin ya lalace a kwalba sai an sa ruwan ya yi tsami, shi ya sa ake jin yaji a daƙiƙun farko. A saman waɗannan duka akwai tsoro, wanda yake ninka kowane ɗayansu, domin yaron da ya ƙanƙame jikinsa yana jiran azaba yana jin tsikari kaɗan kamar sara.

Tun daga gida

Babban kuskuren da muke yi ya riga ranar asibiti da shekaru, wato mayar da allura abin horo. “In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura” magana ce da kusan kowane gidanmu yake furtawa, kuma yaron da ya taso yana jin ta, ranar da aka kai shi wurin likita sai ya ɗauka hukunci aka kawo shi karɓa. Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato yi wa yaro ƙarya don a samu ya shiga mota. Na tuna wata dattijuwa da ta kawo jikanta ɗan shekara bakwai, tana riƙe da hannunsa tana cewa, “Haba maigidana, ai dubawa kawai za a yi, wallahi babu allura.” Ya yarda da ita, ya hau kujera yana murmushi, har ya buɗe baki da kansa. A ranar ni ce na ƙarasa ɓarnar, domin na bar sirinjin ƙarfen a buɗe a kan faranti daidai inda idonsa zai sauka. Ya dubi sirinjin, ya juya ya dubi kakarsa, ya rufe bakinsa da hannu biyu, kuma bai sake buɗe shi ba har muka haƙura muka ɗaga aikin zuwa wani mako. Na ce mata, “Hajiya, rabin laifin nawa ne, amma don Allah in za ku dawo a gaya masa gaskiya.” Tun daga ranar nake lulluɓe sirinji da tawul, ina miƙa wa likita shi ta ƙarƙashin haɓar yaro ko ta bayan kansa.

Gaskiyar da za a faɗa wa yaro ba ta buƙatar yawa. A gaya masa da daddare ko da safiyar ranar, kada a fara tun mako guda yana ta saƙe-saƙe, cewa likita zai sa wa haƙorin maganin barci, zai ji kamar ɗan mintsini ko cizon sauro na ɗan lokaci, daga nan leɓensa zai yi nauyi kamar ba nasa ba, sannan likita ya girgiza haƙorin ya fitar da shi. A faɗa masa da harshen da ya fi ji, domin da yawa cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan Larabci ya fi zama a kunnensu fiye da Hausa. A guji kalmomin suka da jini da fizga, a kuma hana yayyensa ba shi labarin abin da suka gani, domin su ne suka fi kowa iya ƙara gishiri. Ko cewa “kada ka ji tsoro, ba zafi” ba ta da amfani, saboda yaro ya san ba a faɗa masa haka idan za a je sayen alewa.

Lokacin da aka zaɓa ma yana da tasiri. Ga ƙananan yara safiya ta fi, lokacin da suka yi barci suka huta, fiye da bayan an taso daga makaranta cikin zafin rana. A watan azumi, da asibitoci da yawa suke mayar da aikinsu dare, a nemi layin farko bayan buɗa baki, kada a kai yaro ƙarfe goma sha ɗaya yana gyangyaɗi. Idan banj na wuri ɗaya kawai za a yi, a ba shi abinci mara nauyi awa ɗaya ko biyu kafin a tafi, domin yunwa tana kawo jiri da rigima, kuma bayan aikin zai ɗauki awanni bai ci komai ba. Wannan ya sha bamban da ranar da za a sa shi barci gaba ɗaya, inda ake hana abinci na tsawon awannin da likita zai faɗa, kuma dole a kiyaye su.

Kafin a taɓa bakin yaro, a gaya wa likita nauyinsa na kwanan nan, da duk wata lalura da yake da ita, ko da iyaye suna ganin ba ta shafi haƙori ba. Sikila tana cikinmu da yawa, kuma mai ita yana buƙatar a kawo shi ya sha ruwa sosai, a taƙaita aikin, a kuma kula da ƙwayar cuta fiye da yadda ake kula da ta sauran yara. Haka nan ciwon nan da Larabawa suke kira animiyal ful, wanda jinin yaro yake farfashewa idan ya ci ful, wato wani irin wake, yana shafar irin maganin da likita zai zaɓa. A ambaci ciwon zuciya, da asma, da farfaɗiya, da jinin da ba ya saurin tsayawa ko a jikin yaron ko a danginsa, da duk maganin da yake sha, da abin da ya taɓa faruwa idan an yi masa banj a baya.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba, wato banj ba ya kamawa da kyau a wurin da ya kumbura ya tara mugunya, saboda naman wurin ya riga ya yi tsami, kuma maganin ba ya iya ratsa jijiya yadda ya kamata a cikin tsami. Wannan ne ya sa yaron da aka bari har kuncinsa ya tashi yake shan wahala biyu, kuma sau da yawa likita zai fara maganin kumburin ko ya canza wurin allurar kafin ya cire. Saboda haka a kai yaro tun haƙorin yana damunsa idan ya sha sanyi ko zaƙi. A tsakanin nan kada a danna asfirin a kan dasashi, kada a ɗiga man kanumfari ko turare a kogon haƙorin ƙaramin yaro, domin suna ƙona naman, kuma allura a kan ƙuna ta fi zafi.

A ɗakin likita

Likitan da ya iya yara ba ya fara da sirinji. Yana faɗa wa yaro abin da zai yi, ya nuna masa a kan yatsa ko a bayan hannu, sannan ya yi shi a baki, ya fara da madubi da iska da ruwa waɗanda ba su da zafi. Yana kuma ba yaron alama, misali ya ɗaga hannun hagu idan yana son a dakata, kuma sharaɗin wannan alama shi ne a girmama ta a karon farko, domin idan yaro ya ɗaga hannu aka ci gaba, to ba zai sake yarda da kowace magana a ɗakin ba. Aikin uwa ko uba a nan kaɗan ne amma yana da wuya: a zauna inda yaro zai iya gani, a riƙe masa ƙafa ko hannu a hankali, a yi shiru a bar murya ɗaya tana magana. Idan uwa ta san fuskarta ba za ta ɓoye tsoro ba, ya fi kyau uba ko gwaggo ta shiga, domin yara suna karanta fuskar uwa kafin su saurari likita. Wayar hannu da zanen da yaro yake so, ko ƙirga fitilun rufi, ko a ce ya ɗaga ƙafa ɗaya ya rubuta sunansa da ita a iska, duk suna ɗauke hankali, kuma a fara su kafin allura, kada a jira sai kuka ya tashi.

Mataki na farko a baki shi ne man kashe zafi da ake shafawa a kan dasashi, yawanci benzoken mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari ko lidoken mai kashi 5. Kusan kowane asibiti yana da shi, amma wurin amfani da shi ne ake samun bambanci. Dole a fara tsane wurin da auduga har ya bushe, domin miyau yana wanke man ya kai shi harshe da maƙogwaro, yaro ya ji ɗaci ya fara kakari, dasashin kuma bai samu komai ba. A ɗebi kaɗan a kan tsinken auduga, a ɗora daidai inda allura za ta shiga, a riƙe shi a wurin minti biyu cikakku da agogo. Na sha ganin inda aka shafa shi aka ɗauki sirinji cikin daƙiƙa goma, wanda bai bambanta da rashin shafawa ba. Idan iyaye za su roƙi abu ɗaya, to su ce, “Likita, don Allah a bar man ya ɗan jima.” A san kuma cewa man ba ya wuce milimita biyu ko uku cikin nama, saboda haka sukar farko kawai yake kashewa. Ba kuma abin da za a saya a kantin magani a shafa wa yaro a gida ba ne, musamman ma jarirai: a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kada a yi amfani da benzoken a bakin yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya hana jini ɗaukar iska.

Wasu likitocin suna ɗora ƙanƙara a wurin na kimanin minti ɗaya kafin allura, wasu kuma suna kama leɓe ko kunci da yatsu suna girgiza shi a hankali daidai lokacin da tsinin yake shiga. Wannan ba wasa ba ne. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, sun bayyana cewa saƙon taɓawa da girgiza yana gudu a manyan jijiyoyi, yana rage wa saƙon zafi hanyar isa ƙwaƙwalwa, wanda shi ne dalilin da ya sa mutum yake murza gwiwarsa idan ya buge ta. Akwai na'urori masu girgiza da aka ƙera don haka, amma yatsun likita sun wadatar. Yana kuma taimakawa a ja leɓen har naman ya miƙe sosai, domin allura tana ratsa miƙaƙƙen nama cikin sauƙi fiye da sakakke.

Sai babban al'amari, wato saurin turawa. 'Yar kwalbar banj tana ɗauke da mililita 1.8, kuma abin da ake koyarwa shi ne a tura kimanin mililita ɗaya a minti ɗaya, ke nan kwalba guda za ta ci kusan minti biyu. Likita zai shigar da bakin tsinin kaɗan, ya saki ɗigo biyu ko uku, ya dakata na 'yan daƙiƙu har wurin ya mutu, sannan ya ci gaba yana sakin magani a gaban allurar, ta yadda kullum tsinin yana tafiya ne a cikin naman da ya riga ya yi barci. Kafin ya tura sauran yakan ja sirinjin baya kaɗan don ya tabbata bai faɗa jijiyar jini ba. Minti biyu a bakin yaro lokaci ne mai tsawo, kuma ana jarabtuwa a gama da wuri musamman idan layi ya cika har bakin ƙofa, amma gaggawar nan ita ce take jawo kukan da zai cinye rabin awa. Na yi aiki da wani likita da yake ba yara labari a lokacin, yana jan labarin daidai tsawon kwalbar, kuma sau da yawa yaro yakan tambaye shi bayan an gama yaushe za a yi allurar.

Wurare ba ɗaya suke ba. Dasashin sama ta wajen kunci yana da taushi, allurarsa mai sauƙi ce. Ganɗa ita ce mai wuya, domin namanta a manne yake da ƙashi, babu inda ruwa zai bazu, kuma cire haƙorin sama yana buƙatar a kashe ta. Dabarar da ta fi dacewa da yara ita ce a fara kashe ɓangaren kunci, a jira ya kama, sannan a shigar da allura ta cikin ɗan naman da ke tsakanin haƙora biyu, a tura a hankali har a ga ɓangaren ganɗa ya yi fari, daga nan ko an ƙara kai tsaye a ganɗar yaro ba zai ji sosai ba. A muƙamuƙin ƙasa kuwa, allurar da ake kaiwa can baya don kashe babbar jijiya tana shiga da zurfi, tana kuma kashe rabin leɓe da rabin harshe. Da yake ƙashin ƙananan yara bai yi tauri ba, sau da yawa allura a gefen haƙorin kawai tana isa, musamman da wani irin banj da ake kira artiken mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari wanda yake ratsa ƙashi da kyau, sai dai ba a ba da shi ga yaron da bai kai shekara 4 ba. Zaɓin yana hannun likita, amma babu laifi a tambaye shi.

Akwai wasu dabarun da zan wuce da sauri. Kwalbar da ta kwana cikin sanyin na'urar sanyaya ɗaki ana iya ɗumama ta a tafin hannu, wasu kuma suna gauraya maganin da sinadarin da ke rage tsaminsa, sannan a manyan asibitocin Jidda da Riyad ana samun na'ura mai kwamfuta da take tura banj ɗigo-ɗigo ta wani abu mai kama da alƙalami. Na'urar tana da kyau, musamman a ganɗa, kuma ba ta da siffar sirinji, amma abin da take yi shi ne tilasta wa hannu ya yi a hankali, saboda haka kada iyaye su ci bashi dominta idan sun samu likita mai haƙuri.

Ƙara yawan magani ba hanyar rage zafi ba ce, kuma a nan ne nauyin yaro yake da muhimmanci. Ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka ta sa iyakar lidoken a miligiram 4.4 ga kowane kilo. Kwalba ɗaya mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari tana da miligiram 36, ke nan yaro mai kilo 20 iyakarsa miligiram 88, wanda bai kai kwalba biyu da rabi ba, mai kilo 15 kuma bai kai kwalba biyu ba. Wannan ne ya sa ba a son cire haƙora da yawa a ɓangarori dabam-dabam a zama ɗaya ga ƙaramin yaro, ko da uba ya ɗauki hutun yini ɗaya kawai daga wurin aiki yana son a gama komai.

Bayan allura sai jira, aƙalla minti uku zuwa biyar, kuma ta ƙasa mai zurfi takan buƙaci fiye da haka. A ba yaro madubi ya ga fuskarsa ba ta kumbura ba, domin nauyin leɓen kansa yana firgita wasu. Likita zai gwada dasashin da wani tsinke ta ciki da ta waje kafin ya ɗauki abin cirewa. A nan ya kamata a bayyana wa yaro bambancin zafi da dannawa, domin banj yana kashe zafi amma ba ya kashe jin motsi da ƙara. Ni nakan danna kafaɗarsa da hannu in ce, “Ka ji wannan, ɗana? Haka za ka ji a haƙorin, turawa ce kawai.” Amma idan yaron da ya kwanta lafiya ya zabura daidai lokacin da aka kama haƙorin, hawaye suka zubo, to a gaskata shi. A dakata, a ƙara banj idan iyakar ba ta cika ba, ko a ɗaga aikin. Cewa “saura kaɗan, daure” a ci gaba da ja shi ne abin da ya mayar da magidantan da na ambata masu gudun asibiti.

Wani yaron duk da haka ba zai zauna ba, saboda ƙanƙantar shekaru, ko wata lalura, ko abin da ya taɓa gani. Ga irinsa akwai iskar nan da ake shaƙa ta hanci, wadda ake kira iskar dariya, tana kwantar da hankali yaro yana farke, tana kuma fita daga jiki cikin 'yan mintuna, sai dai ba ta maye gurbin allura, tana sauƙaƙa ta ne. Idan haƙoran da suka lalace suna da yawa, akwai banj kamil, wato sa yaro barci gaba ɗaya, a asibitin da ke da likitan sa barci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne manya uku su danne yaro don a cire haƙorin da zai iya jira mako guda.

Bayan an cire

Yaro zai ciji auduga minti 20 zuwa 30, kuma a ranar ba ya kurkure baki, ba ya yawan tofi, ba ya zuƙar abin sha da tsinke, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Amma abin da ya fi dawo mana da yara washegari shi ne cizon leɓe. Haƙorin yana farfaɗowa bayan kamar awa ɗaya, leɓe da harshe da kunci kuwa suna iya kai awa uku zuwa biyar a mace, kuma yaro yana jin abin baƙo sai ya riƙa taunawa yana tsotsa yana ja da farce ba tare da ya ji komai ba. Wani uba ya taɓa dawo mana da 'yarsa ransa a ɓace, leɓenta na ƙasa ya kumbura ya yi wani farin gyambo, yana cewa maganin ne bai karɓe ta ba. Da likita ya nuna masa sawun haƙoranta a jikin gyambon sai ya tuna cewa a hanyar komawa gida ya saya mata burodin tamis don ya faranta mata rai. Irin wannan rauni yana da munin gani, amma yakan warke da kansa cikin kwana goma zuwa mako biyu idan an tsabtace shi. Rigakafinsa shi ne babba ya zauna da yaron ido a kansa har nauyin ya sake shi, a bar naɗin auduga tsakanin leɓe da haƙora, kada a ba shi abin taunawa ko shayi mai zafi. Ruwan sanyi da zabadi, wato kindirmo, da kunun da ya huce sun isa, daga baya a ci abinci mai laushi ta ɗaya ɓangaren.

Maganin ciwo a ba shi kafin banj ya gama sakin yaro, kada a jira zugi ya fara. Farasitamol, wato su Panadol da Fevadol, ana ba da miligiram 15 ga kowane kilo duk awa shida, ibufurofen kuma, irin su Brufen, miligiram 10 ga kowane kilo duk awa shida zuwa takwas bayan an ci wani abu. Ga mai kilo 20 ke nan miligiram 300 na farkon ko 200 na biyun. Da yake ƙarfin na ruwa yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, a sa mai kantin magani ya rubuta yawan mililita a jikin kwalin, a auna da sirinjin da ke ciki, ba da cokalin shayi ba. Mai asma ko ciwon ƙoda ko matsalar jini kada a ba shi ibufurofen sai da izinin likita. Asfirin ba na yara ba ne, haka ma duk maganin da ke da kodin ga wanda bai kai shekara 12 ba.

Daga rana ta biyu, yaron da ya iya kurkurewa ba tare da haɗiyewa ba zai iya yi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a ci gaba da goge sauran haƙora a kauce wa ramin. Idan turmin nono aka cire tun lokacin famfararsa bai yi ba, wanda yawanci sai tsakanin shekara 9 zuwa 12, a tambayi likita ko ana buƙatar ɗan ƙarfen da ke tsare gurbin, don kada haƙoran gefe su kwanto su toshe wa na dindindin hanya. Miyau mai ɗan ja a yinin farko ba abin damuwa ba ne. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an sake cizon sabuwar auduga rabin awa, ko kumburin da yake ƙaruwa bayan kwana biyu, ko zazzaɓi, ko leɓen da bai farfaɗo ba har washegari, duk suna buƙatar a koma asibiti, kuma ana iya kiran 937, layin ma'aikatar lafiya, don neman shawara a kowane lokaci. Idan kuwa aka ga yaro yana wani irin barci da ba a iya tashinsa, ko jikinsa yana fizga, ko leɓensa ya koma shuɗi ko toka-toka, ko numfashi yana yi masa wuya, ko kumburin ya doshi ido ko ƙarƙashin haɓa, to a kira motar agaji ta Hilal Ahmar a 997 nan take, a kuma riƙe takardar asibitin a hannu domin a san irin banj ɗin da aka yi masa da yawansa.